Maɓalli yana ƙanƙancewa a wata waya, a wata kuma ya zauna daram

Ɗan Garwa:
Salama alaikum 'yan uwa, don Allah a taimaka. Ina haɗa manhajar Android ta lissafin bashi wa kawuna mai shago a kasuwa, a cikin kod na sa faɗin maɓalli 200, a ƙaramar wayata ya zauna daram amma da na saka a babbar wayarsa sai ya koma ɗan mitsitsi, babban yatsansa ma ba ya samun shi. Ina na kuskure?

Malam na Marwa:
Wa alaikumus salam. Ƙanina 200 ɗin nan fiksel ne ka ba shi, wato ƙananan ɗigogin da ke haɗa hoton fuskar waya, kuma fiksel ba girmansu ɗaya ba a kowace waya. Ka yi lissafi da dp, ma'aunin da girmansa kusan ɗaya ne a kowace waya, sai ka ninka da lambar cunkoson fiksel na fuskar, wato resources.displayMetrics.density, lokacin da manhajar ke aiki. Fuska mai dpi (yawan fiksel a inci ɗaya) 160 lambarta 1, mai 320 kuma 2, mai 480 ita ce 3. Abin da za a danna kar ya gaza dp 48, balle dattijo ne zai riƙa amfani da shi.

'Yar Njamena:
Gaskiya ne Malam, amma ni na fi son a zuba girman a fayil ɗin dimens.xml, a yi wani daban a foldar values-sw600dp saboda tablet, Android da kanta za ta zaɓa. Sai dai ka kula, getDimension mai karanto girman daga fayil ɗin fiksel yake dawo maka da shi, in ka miƙa wa setTextSize mai saita girman rubutu haka kawai zai ɗauka sp ne (ma'aunin rubutu) ya sake ninkawa, rubutu ya kumbura. Wannan ya cinye min kwana biyu wallahi.

Ɗan Garwa:
Na gode Malam, na gode yaya, maɓallin ya gyaru. Saura in na juya wayar a kwance sai lissafin da na shigar ya goge.

Malam na Marwa:
Juyawa na sa a rushe Activity (shafin manhajar da ke kan fuska) a sake gina shi ne, ajiye lissafin a ViewModel, ma'ajiyar bayanan da juya waya ba ya goge ta.