Wane adadi ya dace a sa wa ƙararrawar musayar shafuka a sabar kwamfuta?

Mai tambaya: Assalamu alaikum. Ina kula da sabar Windows (kwamfutar da ke yi wa sauran kwamfutoci hidima) guda uku a wurin aikinmu, kuma manhajar sa ido tana buga ƙararrawa duk sa'ad da ma'aunin Pages/sec (yawan shafukan bayanai da ake musaya a daƙiƙa tsakanin faifai da RAM, wato ma'ajiyar aiki ta kwamfuta) ya haura 20. Kusan kullum sai ta tashe ni da tsakar dare, alhali ba wanda ya taɓa kukan cewa sabar tana nawa. Shin in ɗaga adadin ne, kuma zuwa nawa?

Amsa ta farko: Wa alaikumus salam, Malam. Wannan 20 ɗin gado ne daga zamanin da faifai ke tafiyar hawainiya, RAM kuma ba ta da yawa. Shafi ɗaya kilobayit 4 ne, don haka shafi 20 a daƙiƙa kilobayit 80 ne kacal, abin da faifan SSD mai sauri na zamani ba zai ma san an yi ba. Sannan ma'aunin ba ƙarancin RAM kaɗai yake nunawa ba, domin yana ƙirga har da shafukan fayiloli da ake ɗaukowa daga faifai, shi ya sa yakan yi tsalle idan ana kwafe bayanai don ajiya. Ka duba ko lokacin ƙararrawar ya yi daidai da lokacin kwafin dare.

Amsa ta biyu: Ni dai ban yarda a ɗauki adadin wani a ɗora wa sabarka ba. Ka tattara bayanan mako biyu, ka ga inda kowace saba take tsayawa a ranakun aiki, sannan ka sa iyaka sama da haka. Kuma kada ƙararrawa ta buga sai an ɗauki kamar minti 15 a haka, tare da ma'aunin Available MBytes (yawan RAM da ya rage a sake) ya yi ƙasa sosai, faifai kuma ya fara jinkirin amsawa.

Amsa ta uku: Ga masu Linux, ginshiƙan si da so na umarnin vmstat, masu nuna musayar shafuka tsakanin RAM da faifai, su ne abin dubawa. Tun daga sigar Linux 4.20 kuma akwai fayil ɗin /proc/pressure/memory, wanda ke nuna kason lokacin da ayyuka suka tsaya cik suna jiran RAM, kuma a ganina ya fi ƙidayar shafuka amfani.

Mai tambaya: Na gode ƙwarai. Na duba, ƙararrawar tana bugawa ne da ƙarfe biyu na dare, daidai lokacin kwafin, kuma fiye da rabin RAM a sake take. Yau zan fara tattara bayanan mako biyun.