Neman kalma: me za mu ce da "sharin" ɗin manhaja?

1/ Salamu alaikum 'yan'uwa masu harkar kwamfuta, da malamanmu na Hausa. Ina rubuta takardar jagora da Hausa saboda ma'aikatan wani kamfanin sayar da kayan gini, ofis a Wuse, sito a Dei-Dei. Kalma ɗaya ta gagare ni, wato aikin da maɓallin nan na Share yake yi a Power Apps. A baki kowa "sharin" yake cewa, ana kuma ganewa. A rubuce dai ina son abin da ya fi haka.

2/ Ga wanda bai san harkar ba: akwai dandalin da mutum zai haɗa manhajar ofis ba tare da ya zauna rubuta dogon kod ba. Ya jawo akwatin rubutu ya ajiye nan, ya jawo maɓalli ya sa can, ya ɗaura su a kan jadawalin bayanai, ya ƙara 'yan ƙa'idoji irin na Excel. Microsoft ta saki nata dandalin, Power Apps, ga kowa a 2016, Google kuma ta sayi wani irinsa, AppSheet, a 2020. Sunan da ake kiran salon da shi, low-code, kamfanin bincike na Forrester ne ya raɗa shi a 2014. Ni "haɗa-da-kanka" na sa a takardata. Wani ya ce a sa "haɗaɗɗiyar manhaja", na ce samarin Abuja za su ɗauka yabonta ake yi.

3/ Mu koma kan Share. Abin da ke fara zuwa baki shi ne "raba". Amma ku duba yadda muke faɗarsa: raba gado, raba goro, raba riba. Duk abin da aka raba, kowa ya ɗauki kasonsa ya tafi, na hannun mai rabo ya ragu ko ya ƙare. Manhajar nan kuwa ko mutum ɗari biyu ne suka shiga, guda ɗaya ce, tana inda take, ba ta ragu da komai ba.

4/ Sai "tura". Wannan ta fi ba ni tsoro, don tana koya wa mutane abin da ba haka yake ba. Da na ce wa mai kula da sito za a tura masa manhajar ƙirgen kaya, sai ya buɗe Xender yana jira. Da ya samu mahaɗin kuma, wato link ɗin buɗe manhajar, ya tura wa yaransa uku ta WhatsApp, su ma su taya shi shigar da lissafin siminti. Kowannensu ya taɓa, aka ce ba shi da izini, suka ce manhajar ta lalace. Babu laifinsa. A Hausa in an turo maka abu ya zama naka, kai ma kana iya turawa gaba.

5/ Ga abin da ke faruwa a zahiri. Wanda ya haɗa manhajar zai adana ta, ya wallafa ta, sannan ya shiga wurin Share ya rubuta sunan ma'aikaci kamar yadda yake a rajistar kamfanin. Abin da ya yi kawai shi ne ƙara suna a jerin waɗanda aka yarda su shiga. Wasiƙar imel da ke zuwa wa mutumin sanarwa ce, ana ma iya cewa kada a aika ta. In mai manhaja ya yi gyara ya sake wallafawa, kowa sabuwar zai gani. In ya cire sunanka, mahaɗin da ke wayarka ya zama banza.

6/ Shi ya sa nake ba da shawarar kalmar "iso".

"Na yi wa Malam iso a manhajar sito." "Ba a yi mini iso ba tukuna." "A janye ison wanda ya bar aiki." Ku faɗa da baki ku ji, ba ta maƙalewa. Bahaushe ya san cewa wanda aka yi wa iso shiga zai yi, gidan ba ya zama nasa. Ya kuma san cewa ison da aka yi maka ba ya wucewa kan wanda ka jawo a bayanka, shi ma sai an yi masa nasa. Wannan kaɗai da ya raba mu da rigimar WhatsApp ɗin can. Muna ma da "neman iso" a shirye, daidai da abin da mutum ke yi a Google Drive in ya tarar da takarda a rufe ya roƙi a buɗe masa.

7/ Wurin da kalmar ta fi yi mini aiki shi ne batun bayanai, don nan ne sababbin masu haɗa manhaja suka fi tuntuɓe. Manhaja daban, ma'ajiyar bayananta daban. In lissafin kayan yana cikin jerin SharePoint, wata ma'ajiyar bayanai ta Microsoft, sai an ba mutum izini a kan jerin shi kansa. In a Dataverse yake, wata ma'ajiyar tasu, sai an ɗora shi a kan matsayin tsaro da ya dace. In ba haka ba zai buɗe manhajar sarai, ya tarar da ita wayam, ko ta yi ta jefo masa saƙon kuskure. Akwai kuma lasisi, wanda shi ma dole ya kasance yana da shi. Da "raba" ban san yadda zan bayyana wannan ba, don wanda aka ba kasonsa yana da hujjar tambayar ina sauran. Da iso kuwa jimla ɗaya ce: an yi maka iso zuwa zaure, ba a ba ka makullin ɗaki ba. Mai sito ya gyaɗa kai tun ban rufe baki ba.

8/ Batun gurup, wato yi wa mutane da yawa iso lokaci guda, gajere ne. Kada mu ce "zaure" kamar yadda muke cewa zauren WhatsApp, don ba a hira a cikinsa. Jerin sunaye ne da ke zaune a rajistar kamfanin, wato Microsoft Entra ID, wanda kafin 2023 ake kira Azure Active Directory. "Rukuni" ya isa, in ana son cikakke a ce "rukunin tsaro". Ka yi wa rukunin direbobi iso sau ɗaya, duk wanda aka sa a ciki ya samu, duk wanda aka cire ya rasa. Jerin adireshin da ake aika sanarwar imel da shi ba ya karɓuwa a nan. Zaɓin nan na yi wa kowa da kowa iso kuma a yi hattara da shi, har baƙin da aka taɓa gayyatowa daga wajen kamfani yana haɗawa.

9/ Na ga amsoshinku, na gode. Wani malaminmu daga Jos ya ce mai iso ɗan tsakani ne, shi ke shiga ya nemo wa baƙo izini wurin mai gida, alhali a nan mai abin ne da kansa yake ba da dama. Allah ya gafarta Malam, gaskiya ne, a fada haka abin yake. Sai dai "manhaja" ma da can tsarin karatu take nufi, yau ga ta a kowace waya, ba wanda ya ruɗe. Ni a ganina ɗan faɗin da za mu yi wa iso bai kai wannan ba.

Wata 'yar'uwa kuma ta ce me zai hana a ce "ba da izini" kawai a huta. Hajiya, izinin ina buƙatarsa a wani wurin. A takardar akwai izinin karantawa, izinin gyara, izinin gogewa, duk a kan bayanai. In maɓallin ma ya zama izini, shafi ɗaya zai cika da kalma ɗaya mai nufi huɗu. "Sahalewa" da wani ya kawo tana da kyau, amma ta yi kama da takardar gwamnati.

10/ Saura ɗaya ban samu ba. In za ka yi wa mutum iso, matsayi biyu ne. Na farko "mai amfani", ya buɗe ya yi aiki, shi ke nan. Na biyu shi ne wanda ake kira Co-owner: yana iya gyara manhajar, yana iya yi wa wasu iso, amma ba ya iya goge ta, ba ya kuma iya sauya mai ita. "Abokin tarayya" ta yi masa yawa, don abokin tarayya yana da kaso a dukiya. "Wakili" ta fi kusa, sai dai wakili yakan yi aiki ne in mai abu ba ya nan, wannan kuwa tare suke yi. Ranar Litinin zan kai takardar a buga, kafin nan wakilin na rubuta da fensir.