Tambaya ga waɗanda suka kalli NTA a shekarun 1980: me ya sa aka sauya wa Samanja harshe?

Ɗan Tudun Wada:

Assalamu alaikum jama'a. Tun rasuwar Usman Baba Pategi, wanda ya fito a matsayin Samanja, a 2023 wannan tambaya take cina, yau dai na ce bari in kawo ta gaban manya.

A Tudun Wadar Kaduna na tashi. Talabijin ɗinmu baƙi-da-fari ce mai ƙofar katako, mahaifinmu ne ke riƙe da makullinta. Ba a buɗe tasha sai da yamma, wajen la'asar. Kafin nan layuka ne kawai a fuskar akwatin da wani ƙara siriri, mu kuma mun riga mun shimfiɗa tabarma, yaran maƙwabta sun cika tsakar gida. A yi taken ƙasa, mai gabatarwa ya karanto shirye-shiryen ranar, a fara da na yara. Labaran Hausa su biyo baya. Ƙarfe 9 na dare kuwa ba mai tari, domin an haɗa da Legas za a karanta labaran ƙasa.

Abin da nake tambaya shi ne Samanja Mazan Fama, wasan kwaikwayon barkwanci na wani soja. Da Hausa muka san shi, Hausar bariki, kakata da ba ta jin ko kalma ɗaya ta Turanci takan yi dariya har hawaye. Da aka ɗaga shi ya koma shirin ƙasa baki ɗaya sai ya rikiɗe ya koma Turancin buroka. Daga ranar ta daina zama kallo, ta ce an mayar mata da sojanta baƙo. Wa ke yanke irin wannan shawara a lokacin? Kuma da ma dole ne duk shirin da zai shiga netwok ya bar harshensa?

Tsohon Ma'aikaci:

Wa'alaikumus salam ɗana. Allah ya jiƙan kakarka, ya jiƙan Samanja. Na yi aiki a ɗakin haɗa shiri na wata tasha a Arewa, don haka bari in ɗan koma baya.

Da farko kowace tasha da mai ita. Ibadan ta fara a 1959, Kaduna ta biyo a 1962 a ƙarƙashin gwamnatin Jihar Arewa, Jos ta zo daga baya kuma ita ta riga kowa watsa hoto mai kala. A 1977 gwamnatin soja ta yi dokar da ta tattara su duka a hannun hukuma ɗaya, wato NTA. Yaƙin basasa bai daɗe da ƙarewa ba, kuma burin shugabanni shi ne mutumin Sakkwato da na Kalaba su kalli abu ɗaya a sa'a ɗaya. To daga nan aka raba yini biyu: akwai lokacin tasha, akwai lokacin netwok. Na netwok shi ne tsakiyar nama, wato bayan isha'i lokacin da maigida ya dawo, kowa ya ci tuwo ya zauna. Idan lokacin ya yi, ko me kake watsawa dole ka sauka ka jona.

Shirin da zai hau wannan sa'a kuwa sai an ji shi daga Maiduguri har Fatakwal, kuma sai ya samu mai ɗaukar nauyi. Kamfani ba ya zuba kuɗinsa sai inda yake ganin duk ƙasa na kallo. Dubi Cockcrow at Dawn da aka yi a Jos, bankin UBA ne ya ɗauki nauyinsa don jawo hankalin mutane ga noma, kuma da Turanci aka yi shi duk da cewa ƙauyen Arewa ake nunawa, har Kasimu Yero na ciki. The New Masquerade na Inugu ma da gurɓataccen Turanci ya zagaye ƙasa. Don haka ba Hausa kaɗai aka yi wa haka ba. Mu a wancan lokacin ɗaukaka muka ɗauke shi, namu ya shiga sahun manya. Sai yanzu da na tsufa nake ganin abin da tsofaffi irin kakarka suka rasa.

Maman Ummi:

Baba, mun gode da wannan bayani. Amma mu a Kano abin bai yi mana zafi haka ba, saboda muna da mafita. Gwamnatin Abubakar Rimi ta kafa tashar CTV 67, wadda yanzu ake kira ARTV, kuma ita ba ruwanta da jiran Legas. In netwok ya shigo da Turancinsa sai yayana ya tashi ya murɗa, wani ya fita ya juya eriya yana tambaya ta taga ko ta fito. Ga kuma finafinan Indiya da ake sakawa da dare, waɗanda iyayenmu mata ba sa jin harshen amma ba sa bari ya wuce su. Wannan ne ma ya sa ban gamsu da hujjar harshe ba. In matan Fagge za su zauna sa'a 3 suna bin labarin da ba su jin kalma ɗaya a cikinsa, me zai hana mutumin Ibadan ya kalli Samanja da Hausa a rubuta masa fassara a ƙasa?

Malam Na Jos:

Hajiya, maganarki da ƙamshin gaskiya, sai dai ni ina ganin an samu riba. Ina koyarwa a Kudu lokacin, kuma abokan aikina ta Samanja suka fara sanin cewa Bahaushe ya iya barkwanci. Ranar da ake sa shi har "Samanja" suke kirana don zolaya ta zumunci. Kuma ai sojan Najeriya da ma haka yake magana a bariki, Hausa da buroka a cakuɗe, don haka shirin bai yi ƙarya ba.

Abin da ya fi damuna shi ne bayan 1992, da aka ba 'yan kasuwa izinin buɗe tashoshi, ga bidiyo ta shiga gidaje. Zaman nan na tsakar gida ya watse, kowa ya kama gabansa.

Ɗan Tudun Wada:

Allah ya saka da alheri, na ƙaru. Baba Tsohon Ma'aikaci, saura tambaya ɗaya: kaset-kaset ɗin farko, na Hausa zalla, suna nan kuwa? Ina so 'ya'yana su ga abin da ya sa kakata dariya.

Tsohon Ma'aikaci:

A inda na yi aiki dai kaset tsada gare shi, kuma ba ya isarmu. Idan shiri ya fita sau ɗaya ko biyu, sai a ɗora sabo a kansa. Da hannuna na goge wasu, har yau abin na damuna. Amma akwai mutanen da suka riƙa naɗa a gida da bidiyonsu. Ka fara tambayar tsofaffin ma'aikatan gwamnati na unguwarku, ka duba akwatunan da aka jibge a sito. In ka samu, kada ka saka shi a na'ura kai tsaye, ka kai wa mai gyara ya fara share masa ƙura da hunhuna tukuna.