Toshewar hanci da ciwon goshi duk hunturu, me zan yi a gida?

Ɗan Adaidaita:
Assalamu alaikum jama'a. Don Allah shawara nake nema. Ni direban adaidaita sahu ne a Kano, tsakanin Kurna da Bata nake yini. Duk shekara da hazo ya sauko sai abin nan ya dawo min. Kamar mura yake farawa, bayan kwana uku sai hancina ya toshe gam, majina mai kauri ta riƙa gangarowa ta maƙogwaro, goshina da ƙasan idona su yi nauyi. Abin da ya fi damuna sujada. Ina kai goshi ƙasa sai in ji kamar fuskata za ta tsage. Har haƙorana na sama suna ciwo alhali babu kogo ko ɗaya, ƙamshin abinci ma ba na ji.

Yau kwana shida ke nan. Bara wani mai kemis ya ba ni maganin ɗigawa a hanci, na yi wata guda a kansa, har ya zama in ban ɗiga ba ba na iya barci. Ba na son in koma wa wannan. Wani abokina a tasha ya ce in cusa tafarnuwa a hanci in kwana da ita. In yi?

Hajiya Kaka:
Wa alaikumus salam ɗana, sannu, Allah ya ba ka lafiya. Ka rufa wa kanka asiri ka bar zancen tafarnuwar nan, ƙona cikin hanci take yi. In kana sonta ka sa a miya. Mu dai sirace muka sani. A tafasa ruwa da ganyen na'a-na'a ko na bishiyar turare, a sauke ya ɗan sha iska, ka lulluɓa da zane ka shaƙa na minti goma. A ƙasa za a ajiye roban, ba a kan cinya ba, kuma a kori yara daga wurin. Bayan nan ka sha shayin citta da kanumfari, ka matsa lemun tsami ka zuba zuma. In za ka kwanta ka ƙara matashi.

Malamar Jinya:
Malam, sannu da jiki. Abin da ka kwatanta ya yi kama da kumburin sainus, wato wasu kogunan iska da ke cikin ƙashin goshi, kumatu da tsakanin idanu. In ƙofarsu ta kumbura majina ta rasa hanyar fita, sai nauyin nan ya zo. Na kumatu yana zaune daf da saiwar haƙoran sama, shi ya sa kake jin su.

Yawanci ƙwayar bairos ce ke jawo shi, irin ta mura, kuma yakan lafa cikin kwana 7 zuwa 10. Kafso, wato antibayotik, ba ya kashe bairos, don haka kar ka saya da kanka.

Siracen da Hajiya ta ce yana sa a ji sauƙi na ɗan lokaci, amma abin da na fi ba mutane shawara shi ne wanke hanci da ruwan gishiri. Tafasa ruwa rabin lita, ka bari ya huce ya zama ɗumi-ɗumi, ka zuba ƙaramin cokali ɗaya na gishiri. Ka wanke hannu, ka zuba a tafinka, ka shaƙa ta ƙofar hanci ɗaya ka face a hankali, kamar dai a alwala, sannan ɗayar. Sau biyu ko uku a rana, kuma kullum a haɗa sabo. Don Allah kar a yi da ɗanyen ruwan rijiya ko na 'yan garuwa.

Maganin ɗigawar nan ba a wuce 'yan kwanaki ana sa shi, in ya zarce mako shi da kansa ke dawo da toshewar. Abin da ya same ka bara ke nan.

In ka wuce kwana 10 babu sauƙi, ko ka fara warkewa ya dawo da ƙarfi, ka je asibiti. In kuwa ido ya kumbura, ko gani ya rikice, ko wuya ya sanƙare da zazzaɓi mai zafi, a ranar za ka tafi, ko da dare ne.

Na Sabon Gari:
Abokina, sa takunkumi a bakin aiki. Ƙura da hayaƙin salansa kake sha tun safe. Ni sai da na daina kunna igiyar sauro a ɗaki na koma gidan sauro sannan na samu kaina.

Ɗan Adaidaita:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Yau kwana uku ina wankin, safe da bayan isha'i. Ranar farko ya yi min raɗaɗi don na cika gishirin, da na auna da cokali sai ya daidaita. Jiya na yi sallar asuba ban ji goshin sosai ba, sai dai kumatun hagu har yanzu da saura. Malama, in ya kai Litinin a haka zan shiga asibiti in sha Allah. Hajiya, tambaya ɗaya: maiɗakina kullum da magariba sai ta sa turaren wuta, kuma na lura a lokacin nake fara atishawa. In ce ta dakata har hunturu ya wuce, ko ta riƙa sawa a tsakar gida?