Marubuta, ina kuke samo bayanin guba da binciken kisa?

Uwar Biyu: Assalamu alaikum. Na kai babi na 14, inda za a zuba wa amarya wani abu a kunu, sai na tsaya cak. Abin da muka saba rubutawa shi ne ta kurɓa, ta riƙe ciki, kumfa ya fito, ta faɗi matacciya, duk a shafi ɗaya. Ni kam na gaji da wannan. Wa ya taɓa neman littafin bincike a kan haka, kuma me ya tsinta?

Mai Jan Biro: Wa alaikumus salam Anti. Ina da Deadly Doses na Serita Stevens, wanda aka buga a Amurka a 1990 musamman don masu rubuta ƙagaggun labarai. A gwanjon littattafai na tsince shi, bangon ma ya yage. Kowace guba an faɗi alamunta da lokacin da take ɗauka kafin ta kama jiki. A nan na gane mutuwar nan take ba ta da yawa. Illarsa, yawancin tsirran da ke ciki ba na ƙasarmu ba ne. Sannan ki kula da inda za ki ajiye shi. Na bar nawa a gaban madubi, maigida ya buɗe ya ga na jajja layi a shafuka. Kwana uku yana cewa ya ci abinci a ofis. Har yau in na miƙa masa shayi sai ya ce, "Babi na nawa kike?"

Nas Ɗin Dare: Ku riƙa tambayarmu mana. Abin da ake kawo mana sashen gaggawa fiya-fiya ne da dangoginsa na maganin ƙwari. Tun daga ƙofa za ki ji warin, shi ya sa nake dariya idan na karanta wai an sha a abinci ba a ji komai ba. Yawu na dalala, gumi sharkaf, ƙwayar ido ta tsuke kamar tsinin allura, ƙirji na ƙara. Zaƙami kuwa akasin haka yake: ido ya buɗe, baki ya bushe, jiki rau, mutum na sambatu yana cafkar abin da babu. Marubutanmu sai su haɗe alamun biyu a jikin mutum ɗaya. Wani abin da ban taɓa gani a littafi ba shi ne dangi sun ɗura wa mara lafiya manja da madara, sun ɓata awa biyu kafin su taho, riga duk ta yi ja. Ku rubuta hakan, amma don Allah kar ku nuna manja ya warkar. Agatha Christie, shahararriyar marubuciyar labaran binciken kisa, a ɗakin haɗa magani ta yi aiki lokacin Yaƙin Duniya na Ɗaya, shi ya sa nata bayanin ke zama daidai.

Tsohon Malami: Mai rubuta labarin zamanin yaƙe-yaƙe ya nemi A Hausa Botanical Vocabulary na Dalziel, 1916. Can na tabbatar da kwankwani, tsiron da ake haɗa dafin kibiya da shi.

Lauyan Unguwa: Hajiya, littattafan Turawa duk sun ɗauka za a yanka gawa a bincika. Mu kuwa a rasu da hantsi, kafin la'asar an kai makwanci. Na taɓa zama da dangin da suke rantsuwa guba aka ba ɗansu, da na ambaci binciken gawa sai baban ya ce, "Mun bar wa Allah." Kwanon abincin ma an wanke tun ranar. Sashe na 221 na Penal Code, wato kundin hukunta laifuka na Arewacin Najeriya, ya tanadi hukuncin kisa ga wanda ya kashe mutum da gangan, amma a shari'ar guba sai an nuna abin da ya kashe mutumin, tono kabari kuma sai da umarnin kotu. In kina son mai laifinki ya shiga hannu, ki sa wani ya ɓoye kwanon.

Uwar Biyu: Barista, ƙanwar amarya ce za ta ɓoye shi, ƙarƙashin gado. Amarya kuma sai ta yi kwana huɗu a asibiti. Nas, zan iya kiranki bayan isha?

Nas Ɗin Dare: Yau ina aikin dare. Ki bari gobe da azahar.