Ganda tana sa ɗinkin tiyata ya kama da wuri?

Goggo: Tunda an sallamo Alhaji, a dage masa da farfesun ganda da ƙafar saniya. An ce kolajin ne zalla a ciki, wato sinadarin da ke ba fata da jijiya ƙarfi, shi ke haɗe wurin ɗinki.

Auta: Goggo, a gafarce ni, amma duk kolajin da aka haɗiya sai ciki ya farfasa shi kamar kowane nama. Ba ya zarcewa wurin ɗinkin.

Kawu: To ɗan boko, me ya sa likitoci a Birazil suke lulluɓe ƙuna da fatar karfasa?

Yaya (nas): Kawu, ai wannan a kan ciwon ake shimfiɗa ta, ba ci ake yi ba. Idan fata ta tsage, jini ne ke fara daskarewa ya yi raga ta wasu furotin da ake kira fibirin da fibironektin. A kanta ƙwayoyin gyara ke rarrafowa, kamar azara ce da ake jerawa kafin a ɗora ƙasa. Su ne ke saƙa kolajin da kansu, da farko nau'i na 3 mai laushi, daga baya a riƙa musanya shi da nau'i na 1 mai ƙarfi. Wannan musanyar takan ɗauki watanni, wani lokacin fiye da shekara. Duk da haka tabo ba ya wuce kusan kashi 80 cikin 100 na ƙarfin fatar asali. Shi ya sa aka hana Baba ɗaukar nauyi ko da saman ya bushe.

Goggo: Ke ma kin ce kolajin. To ina laifin ganda?

Yaya: Ba laifi, Goggo, ya ci abinsa. Sai dai furotin ɗinta bai cika ba, ƙwai da kifi da wake sun fi ta amfani. Kuma in babu bitamin C saƙar ba ta ƙarko. Matuƙan jirgin ruwa na da, da suka daɗe ba ɗanyen abu, har tsofaffin tabbansu ke buɗewa. A haɗa masa da gwaba da lemo.

Auta: Wai akwai binciken da ya ga gutsattsarin kolajin a jini bayan an sha garinsa.

Yaya: Akwai. Amma ganinsu a jini daban, ɗinki ya kama daban. Kuma yawan kolajin ba kullum alheri ba ne. Tabon nan da ke kumburowa bayan hujin kunne, kolajin ne ya wuce kima, kuma mu baƙar fata ya fi kama mu.

Kawu: Ni dai ban sauka ba. Iyayenmu da farfesu suka yi jinya.

Yaya: Ku ba shi, Kawu. Amma wa ya auna sugansa yau? In ya hau, shi zai hana wurin kamawa.