Shin zanen yaro ya fi bakinsa faɗin gaskiya?

Malama Rabi: Assalamu alaikum. Akwai wata yarinya a ajina, shekararta 9, iyayenta sun baro ƙauyensu saboda 'yan bindiga. Zango guda cur ban ji muryarta ba sai in ana kiran suna. Ranar Alhamis na raba takarda da fensir mai kala, na ce kowa ya zana gidansu. Sauran suka zana ɗaki da bishiya da rana. Ita kuwa rumbu ta zana yana ci da wuta, da babura uku, kowanne da mutum bibbiyu, sai akuya ɗaure a turke. Wurin wutar, tsabar danna jan fensir har takardar ta huje. Tun ranar na tsaya a kan cewa abin da yaro ya zana ya fi abin da ya faɗa da baki gaskiya.

Malam Sani: Wa alaikumus salam. Allah ya kawo mana ƙarshen wannan masifa. Amma Malama, kin yi saurin yanke hukunci. Ɗana bai taɓa ganin bindiga ba sai a waya, ga littafinsa nan cike da sojoji da jirage. Ɗan shekara 3 ko 4, a Kano yake ko a Sin, in ya zana mutum, kai ne da ƙafafu biyu, babu gangar jiki. Matakin girma ne kawai. Mu manya ne ke ɗora wa zane ma'anar da ke ranmu.

Yaya Hadiza: Malam Sani, ɗanka ya taɓa zana akuya a turke kusa da wuta?

Malam Sani: Bai taɓa ba, Yaya. Wannan kam na ba ki.

Alhaji Idi, Injamena: Bari in kawo muku abin da ya faru a nan ƙasarmu. A 2005 ma'aikata biyu na ƙungiyar kare haƙƙin ɗan Adam ta Human Rights Watch, Annie Sparrow, likitar yara, da Olivier Bercault, sun je sansanonin 'yan gudun hijirar yankin Darfur na Sudan a gabashin Cadi. Sun ba yara takarda da kala don su samu sukunin tattaunawa da iyayen, ba su ce musu ku zana kaza ba. Da aka karɓi takardun sai ga 'yan Janjawid, mayaƙan sa-kai da ke kai hari ƙauyukan Darfur, a kan dawakai da raƙuma, jirage na sakin bam, bukkoki na ci da wuta, mata na gudu da goyo. A 2007 wata ƙungiyar Birtaniya, Waging Peace, ta tattara irin waɗannan zanuka kusan 500, kuma kotun hukunta manyan laifuka ta duniya, ICC, da ke Hague ta karɓe su. A lokacin gwamnatin Sudan tana ta musanta hannu a hare-haren, alhali yaran sun zana jirage da tankokin yaƙi, abin da mahaya raƙuma ba su da shi. Yaron da ya taso a ƙauyen da babu talabijin, a ina ya kwaikwayo wannan?

Malam Sani: Na gode Alhaji, ban san da wannan ba. Sai dai a lura, kotun ta karɓe su ne a matsayin shaidar da ke bayyana yanayin da aka shiga, ba hujjar ɗaure wani mutum ba. Abin da nake tsoro ke nan: malami ya ga yaro ya zana babansa ƙato da baƙin fensir, ya ce ai dukansa ake yi a gida. Wataƙila baƙin ne kaɗai ya rage a gwangwanin. Ana iya raba zumunci a kan haka.

Baba Alaramma: 'Ya'yana, kun tsallake wani abu. Zanen abu mai rai malamai sun yi magana a kansa, kuma akwai iyayen da ba za su so ba. A mashhurin mazhabarmu ta Malikiyya, haramcin yana kan mutum-mutumi cikakke mai inuwa, na kan takarda bai kai nan ba, ko da yake wasu malaman sun tsananta. A girmama ra'ayin iyaye. Kuma kada a ɗauka zane baƙo ne a wurinmu. Mai zayyanar allon sauka, daga yadda ya haɗa ja da kore da rawaya ake gane hannunsa, ko bai sa suna ba.

Yaya Hadiza: Allah ya ƙara lafiya, Baba. Malama Rabi, don Allah kada ki saka hoton zanen a Facebook. Sirrin yarinyar ne.

Malama Rabi: Ba zan saka ba, Yaya. Yau da aka tashi tara na zauna kusa da ita, ban tambaye ta wutar ba, na ce akuyar nan ta waye? Ta daɗe tana murza bakin hijabinta, sannan ta ce, "Tawa ce. Ba mu kwance ta ba." Magana mafi tsawo ke nan da na taɓa ji daga bakinta.

Malam Sani: Innalillahi. To kin gani Malama, da ni da ke duk wutar muka kalla, ita kuwa akuyar ce a ranta. Sai da ta yi magana muka sani.

Malama Rabi: Haka ne Malam, na rage kaifin maganata. Amma wata uku ina yi mata tambayoyi ban samu komai ba, sai da takardar ta shiga tsakaninmu. Gobe in sha Allah zan je wurin mahaifiyarta, zan tafi mata da zanen ta gani.